Ranar da Mama Ta Yi Itace a Dajin Gwamnati

Ni ce na hana mahaifiyata aiki, kuma a lokacin gani nake abin kirki na yi. Ta zo wurinmu Silver Spring ne, a ƙasar Turawa, bayan rasuwar Baba, tana da shekara saba'in da ɗoriya. A kan duwatsun bayan Pankshin a Filato aka haife ta, a can ta tsufa, kuma tun ina ƙarama ban taɓa ganin ta shigo gida babu kaya a kanta ba. In ba itace ba to acca, in ba acca ba to ruwa. Shi ya sa ranar da muka ɗauko ta daga filin jirgi na yi wa kaina alkawari cewa matar nan ta gama wahala, ko cokali ba za ta ƙara wankewa ba.

A satinta na biyu muka taka zuwa shagon kayan Afirka da ke kusa da gidanmu, muka sayi doya da ƙaramin buhun shinkafa. Ina tsaye ina gyara jakata, kafin in juya Mama ta naɗe gyalenta ta yi gammo, ta aza buhun a ka, ta kama hanya abinta. Mutanen da ke jiran bas suka bi ta da kallo, wani ma ya ɗaga waya zai ɗauke ta hoto. Kunya ta rufe ni. Na bi ta da gudu na sauke buhun.

"Mama, don Allah! A nan ba a ɗaukar kaya a ka. Za a mai da mu abin kallo."

"To a ina ake ɗauka?"

"A hannu, ko a mota. Ke dai ki huta, ai kin yi naki."

Ta dube ni ta dubi buhun. Daga ranar na ƙwace mata tsintsiya, na ƙwace wanke-wanke, na nuna mata yadda ake canza tasha a talabijin. In an tambaye ni a coci sai in ce da alfahari, "Mama tana hutawa."

Da sanyi ya shigo, wata safiya ta gaji da hutun, ta saci jiki ta tafi shagon nan ita kaɗai. Ta dawo da leda biyu, ɗaya a kowane hannu, yadda na koya mata. A bakin ƙofar benenmu ta taka ƙanƙara ta zame, ƙashin ƙugunta ya karye.

Aka yi mata aiki, kuma aikin ya yi kyau. Bayan wasu watanni likita ya nuna mini hoton ƙashin, ya ce ya haɗu sarai. Amma Mama ba ta koma yadda take ba. An ba ta abin dogarawa na ƙarfe mai ƙafa huɗu, ta sa masa suna jaki, kuma ko banɗaki ba ta zuwa sai da shi. Tafiya take a sunkuye, idonta ƙur a kan yatsun ƙafarta, tana jan taku ɗaya-ɗaya. Matar da a da in tana gaba a hanyar gona sai mun yi gudu-gudu muke cim mata.

Likitan ya kira ni gefe ya faɗa mini gaskiya. Ya ce ƙashi ba shi da laifi, tsoro ne ya zaunar da ita, kuma zaman yana cinye naman ƙafafunta. In ba ta tashi ta riƙa tafiya sosai ba, kafin wani sanyin ya fita sai dai a tura ta a keken guragu. Bai ƙarasa sauran maganar ba, don ya san aikina. Ni nas ce a gidan kula da tsofaffi. Ni da maigidana duk fita muke tun safe, 'yarmu tana jami'a a College Park, babu mai zama da wadda ba ta iya tashi. Na san inda maganar za ta ƙare. Na san ɗakunan, na san warin maganin goge ƙasa, na san tsofaffin da ke zaune suna kallon ƙofa daga safe har yamma. Can zan kai uwata, wadda ko Turanci ba ta ji. Ban faɗa mata ba. A mota na yi kukana, na share fuska na hau bene.

Na gwada lallashi, na gwada faɗa, kuma ni ba baya ba ce wajen faɗa.

"Mama, tashi mu ɗan taka."

"Ina za mu?"

"Babu ko'ina. Mu zagaya gidan nan mu dawo."

"Me za mu ɗauko?"

"Babu komai, motsa jiki ne kawai."

"Mu fita babu inda za mu, mu dawo babu abin da muka kawo? Ke, mahaukata ne mu?"

Haka muka yi ta yi har rani ya wuce. In na matsa mata sai ta ja jakinta zuwa bakin lifta ta dawo, ta zauna tana haki tana hararata.

Lokacin da ganye ya fara ja, cocinmu ta shirya fita shan iska zuwa wani ƙaramin gari a bakin tekun Chesapeake, tafiyar awa ɗaya da wani abu a mota. Yawancinmu 'yan Filato ne da Kudancin Kaduna, kuma duk inda muka taru sai an gasa nama. Da ƙyar na shawo kan Mama ta bi mu, shi ma don na ce mata matan zumuntar coci za su yi waƙa. Wurin fili ne na gwamnati, da rumfuna da teburan katako da murhunan ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Gabanmu ruwa, bayanmu wani tudu mai tsawo da bishiyoyi suka rufe shi ruf, wata siririyar hanya ta shige ciki ta yi sama. Muka zaunar da Mama a inuwa, jakin a gefenta, ta lulluɓe da bargo ta juya wa teku baya.

Aka sauke kuloli, aka fito da naman da ya kwana cikin yaji, maza suka nannaɗe hannun riga. Nan aka gano babu gawayi. Maigidana ya ɗauka mataimakin fasto zai kawo, shi kuma ya ɗauka maigidana ne. Maza wajen goma, har da masu digiri biyu, suka tsaya suna kallon murhu. Daga ƙarshe maigidana ya shiga mota ya tafi cikin gari nema, yana cewa yanzu-yanzu zai dawo.

Mama ta jawo hannuna. "Me ya faru?"

"Babu wuta, Mama. Sun manta gawayi."

Ta juya a hankali ta dubi tudun nan. An yi iska mai ƙarfi a satin, rassa sun kakkarye sun zube ko'ina a gindin bishiyoyi. Na ga idonta ya yi wani haske da rabona da ganinsa tun kafin ta faɗi.

"Ga itace can kamar a roƙe ka ka ɗiba, kuna cewa babu wuta? Miƙo min jakin nan."

Ta tashi da kanta, ba tare da na ce tashi ba. Ta ja jakin har bakin dajin, ina biye da ita. A daidai inda hanyar ta fara akwai wani allo da aka kafa, an rubuta da manyan haruffa cewa an hana ɗaukar komai daga dajin, ko itace ko dutse ko fure. Na karanta shi sarai. Mama tana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma Turanci ko harafi ɗaya ba ta ɗauka, duk da haka sai da na je na tsaya na kare allon da bayana. Ni da nake koya wa sababbin zuwa bin doka a ƙasar nan, ranar na yi kunnen uwar shegu.

Taku kaɗan jakin ya fara ba ta matsala, ƙafafunsa na sarƙewa a saiwoyi. Ta yi tsaki. Ta nuna mini wani reshe miƙaƙƙe, na ɗauko mata, ta buga shi a ƙasa sau biyu ta ji ƙarfinsa.

"Ajiye jakin a nan, yanzu za mu dawo. Ba nisa za mu yi ba."

Na jingina shi a jikin allon, na ce to.

Yin itace yana da tsarinsa, kuma na manta shi sai da na ga tana yi. Ba a hawa tudu da kaya. Tarawa ake yi ƙanana-ƙanana a gefen hanya ana yin sama, in za a sauko sai a bi ana haɗawa. Mama ba ta iya sunkuyawa sosai, don haka ita ke nunawa da sanda ni ina ɗaukowa. Duk wanda na kawo sai ta ƙwanƙwasa shi ta saurara, ta juya shi ta duba ko akwai gara ko kunama. Na ce mata babu kunama a nan, ta ce ita ba ta yarda da dajin da babu kunama ba.

"Wannan ɗanye ne, hayaƙi zai yi. Yar da shi."

Na kawo wani.

"Wannan kuma ruɓaɓɓe. Ke karatu ya cinye miki ido? Dubi wancan na sama, mai fari-farin nan. Shi ne itace."

Kullum mai kyan yana can sama kaɗan. Mu tara a nan, ta hango wani a gaba, mu matsa. Ina lissafin numfashinta a zuciyata kamar yadda nake yi wa marasa lafiya, ina satar kallon ƙafar da aka yi wa aiki, hannuna a buɗe a bayanta ba tare da na taɓa ta ba. In ta gaji sai ta jingina da bishiya ta ce tana duba itace ne. Ni kuma in ce haka ne.

Dajin yana da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Bishiyoyin dogaye ne, ganyensu ja da rawaya, suna ta zubowa a kanmu, ƙasa kuma tana ƙamshin ganyen da ya sha ruwa. Kurege suka yi ta tsere a gabanmu. Wata barewa ta tsaya tana kallonmu ko gezau, Mama ta ce wannan da a garinmu ne da tuni ta shiga tukunya. Turawa suna wuce mu jefi-jefi, da sanduna bibbiyu da jakunkuna a baya, wasu da karnuka. Kowa ya zo wucewa sai Mama ta ce masa, "Sannu da aiki," su yi murmushi su ɗaga mata hannu. Da na huɗu ya wuce ta rage murya.

"Su waɗannan me suka zo ɗauka?"

"Babu komai, Mama. Tafiya kawai suke yi."

"Allah ya ba su lafiya," in ji ta, da irin muryar da ake yi wa mara lafiya addu'a.

Ban san lokacin da muka kai sama ba, ita ma ba ta sani ba. Bishiyoyi kawai suka buɗe, muka ga wani benci da shingen katako, bayansa ƙasa ta yanke, sai ruwa har iyakar gani. Jiragen ruwa masu farin ƙyalle suna can nesa ƙanana, garin yana gefe da rufin gidajensa da hasumiyar wata coci. Mama ta zauna a bencin tana mai da numfashi, ta daɗe tana kallo.

"Ga ruwa, ga itace, ga ƙasa," ta ce, "amma mutanen garin nan kowa na cikin mota."

Ba ta bari mun huta sosai ba. Ta sa na haɗa tarin ƙarshe, ta jera shi da kanta a kan bencin, manya a ƙasa ƙirare a tsakiya. Ta miƙa hannu za ta fizgo wata igiyar daji mai gashi-gashi da ta naɗe bishiya don ta ɗaure, na daka mata tsawa har ta firgita, don irin wadda ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje ce, na sha ganin abin da take yi wa mutane. Na cire igiyar jakata na ba ta. Ta ɗaure damin tamau, ta ja ta ga bai motsa ba. Ba wani babban dami ba ne, a da ko ni ina 'yar shekara goma na fi ƙarfinsa, amma an ɗaure shi yadda ya kamata.

Muna cikin haka muka ji takun mutum. Wata ma'aikaciyar gandun daji ce, baƙar fata 'yar ƙasar nan, doguwa, da kaki da malafa mai faɗi. Ta gaishe mu da ladabi, ta dubi damin, ta dube ni. Da Turanci ta ce tun daga ƙasa take bin wasu tarin itace da aka jera a gefen hanya, tana mamakin wa ya yi su, don ba ta taɓa ganin hanyar nan a share haka ba. Sannan ta ce ta yi haƙuri da abin da za ta faɗa, amma ba a fitar da itace daga dajin, ba a kuma ƙona shi. Ana barinsa ne ya ruɓe ya ciyar da ƙasa. Ta tambaye ni ko ban ga allon ba.

Na ce na gani.

"Me 'yar sandan ke cewa?" in ji Mama.

Na so in yi mata ƙarya, har na shirya ta a bakina. Amma na gaji da ɓoye-ɓoye. Na ce, "Ta ce itacen na gwamnati ne, an hana ɗiba. Sai dai a bar shi ya ruɓe."

"Ya ruɓe? Itace kamar wannan?" Ta riƙe haɓa. Sai kuma ta tsare ni da ido. "Ke kin san da dokar?"

"Na sani, Mama."

"Tun a ƙasa?"

"Tun a ƙasa."

"Kika bar ni na zama ɓarauniya da furfurata, a ƙasar mutane?"

"Na bar ki."

Nan bakina ya buɗe. A gaban baƙuwar nan na faɗa mata duk abin da likita ya ce, da keken, da gidan da nake aiki, da yadda nake wuce wani ɗaki mara kowa a can in kasa kallonsa don ina ganin kamar ita yake jira. Na ce mata tsoro nake ji, tsoron da ya hana ni barci wata da watanni. Na ce gara a kama ni da satar itace sau goma da in tura ta a keke zuwa gidan tsofaffin can. Ina magana ina kuka, majina da komai, ni da nake taƙama ba a ganin hawayena.

Mama ta ce, "Ina jakin?"

"Yana ƙasa, a jikin allo."

Ta juya ta dubi hanyar da muka biyo. Daga nan sama ana hango rumfunanmu ta tsakanin bishiyoyi, mutanenmu sun zama ƙanana. Sai a lokacin ta gane abin da ta yi. Na zaci murna za ta yi, amma fuskarta ta canza. Ta dafa sanda ta miƙe, ta je bakin gangaren, ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafafunta kamar yadda ta saba a gida. Ta ɗaga ƙafa ɗaya. Ta mai da ita. Ta ja baya ta zauna a bencin daɓas.

"Ba zan iya ba. In na kalli ƙasa sai in ga ƙanƙarar nan, sai in ji ana ja na."

Ma'aikaciyar ta tambaye ni ko lafiya. Na ba ta labari a gurguje. Ta ce za ta iya kiran abokan aikinta su zo da abin ɗaukar marasa lafiya su sauko da ita. Na san in aka sauko da Mama a kwance a gaban mutanen cocinmu, ba za ta ƙara taka ƙasa ba har abada. Na rasa abin yi. Ni na kawo ta nan da wayona, kuma wayon ya ƙare.

Mama ce ta yi magana. "Ba ni gyalenki."

Na ba ta. Ta naɗe shi a hannu ta yi gammo, ta ɗora a ka, ta gyara shi da yatsu.

"Aza min."

"Mama, ƙugunki..."

"Ke, aza min na ce! Ni tunda nake ban taɓa sauka daga dutse ina kallon ƙafata ba. In da kaya a kaina wuyana ba ya sunkuyawa, gabana nake kallo, ƙafa ta san aikinta. Ke kika ce in riƙe a hannu."

Maganar ta dake ni, don gaskiya ce. Na juya wurin ma'aikaciyar na roƙe ta. Na ce ba za mu ƙona ba, ba za mu kai mota ba, ta bar tsohuwar nan ta sauka da damin a kanta, a ƙasa za mu ajiye mata abinta. Ta dubi Mama, ta dubi damin, ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta ji nauyinsa. Sannan ta ce akwai inda suke tara rassan da suka tare hanya a bayan allon nan, kuma ita ba ta ga dokar da ta ce ga yadda za a kai su can ba. Ta kama gefe ɗaya na kama ɗaya, muka aza wa Mama.

Abin da na gani ba zan manta shi ba. Da damin ya zauna a kan gammon, bayan Mama ya miƙe. Kafaɗunta suka koma baya, haɓarta ta ɗago. Ta ɗan karkaɗa kai ta ji zaman kayan, ta riƙe sanda a dama, hagu kuma ta sake ta. Ta dubi hanya can gaba ta sa ƙafa.

Ma'aikaciyar ta wuce gaba tana ture duwatsu da takalminta, ni ina baya hannuwana a buɗe, ina addu'a da Hausa da yarenmu da Turanci duk a haɗe. Mama tana tsakiya tana sauka a karkace, taku ɗaya bayan ɗaya, ƙafarta na laluben saiwa ta taka ta wuce ba tare da ta duba ba. Sau uku muka tsaya ta huta a tsaye, ta ƙi yarda a sauke mata. Duk tarin da muka wuce sai ta yi masa kallon gefen ido ta ce, "Kai, asara!" Turawan da ke hawowa suka riƙa matsawa gefe suna ba ta hanya. Wani tsoho ya cire hularsa. Mama ta ce masa sannu da aiki ba tare da ta juya wuya ba.

Da muka kusa fita sai na ji tana wani ƙaramin sauti a maƙogwaro. Na matso a tsorace, na zaci ciwo ne. Ashe waƙa take yi, irin wadda suke yi da yarenmu in suna dawowa daga daji.

Wata daga cikin matan zumunta ce ta fara hango mu. Ta ajiye faranti ta ɗora hannu a ka, sannan ta rangaɗa guɗa. Sauran suka juyo. Waɗannan matan sun san Mama a kan kujera, sun sha zuwa gida yi mata addu'a tana lulluɓe da bargo. Suka taso da gudu, masu guɗa na yi, masu tafi na yi, wata ta kama murfin tukunya tana kaɗawa da cokali. Suka kewaye ta suna rawa, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba, ta ratsa su kai a miƙe har bayan allon. Ta karkata kai ta saki damin, ya faɗi a kan tarin gwamnati da ƙara. Ta cire gammon ta karkaɗe ta miƙo mini.

Maigidana yana tsaye da buhun gawayi a hannu, baki buɗe. Mama ta dube shi.

"Baban yara, sannu da dawowa. Na samo muku itace, amma masu shi sun ce nasu ne. Ku yi da na kantin."

Ma'aikaciyar ta ɗauko jakin daga jikin allo ta kawo mata. Mama ta yi masa kallo ɗaya ta ce in gaya wa 'yar sandan ta gode, a sa shi a bayan mota. Da sandarta ta taka har rumfa, ta zauna tana fuskantar teku, ta ci nama fiye da kowa. Ni kuwa na kasa cin komai don murna, sai yawo nake tsakanin tebura ina ba da labarin da kowa ya gani da idonsa.

Ba zan ce daga ranar komai ya warware ba. Kwana uku ta yi a kwance jikinta na ciwo, ina shafa mata magani tana yi mini faɗa, wai na kai ta sata. A rana ta huɗu na dawo daga aiki na tarar babu ita babu kwandon wanki. Na sauka a guje ƙasa inda injinan wanki suke, na same ta a tsakiyar baranda, kwandon a kanta, tana jiran wanda zai nuna mata inda ake danna abin. Na buɗe baki zan ce ta kawo in riƙe, sai na rufe shi. Na nuna mata inda ake dannawa.

Na mayar mata da tsintsiyarta da wanke-wankenta. Da muka koma asibiti likitan ya sa ta taka daga wannan bango zuwa wancan, ya dube ni ya tambaye ni wane irin motsa jiki muka samo. Na ce na gida ne. Sanyi ya zo ya fita, na saya mata takalma masu kama ƙasa, ranar da aka yi ƙanƙara kuwa ko ta yi fushi ba ta fita. Keken dai bai shigo gidanmu ba. Jakin yana nan a lungun ɗakinta, a kansa take shanya ɗankwalayenta.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce muka je shagon nan muka sayi ƙaramin buhun shinkafa. A bakin ƙofa na cire gyalena na naɗa gammon da hannuna, ta karɓa ta warware ta sake naɗawa, wai nawa ba zai kai ko'ina ba. Na aza mata. Muka biyo ta tashar bas ɗin nan, mutane na tsaye suna jira, suka bi ta da kallo. Wata mata ta ɗaga waya. Na ɗan matsa gefe don kada in tare mata, na bar ta ta ɗauka. Mama tana gaba kai a miƙe, ni ina baya hannu babu komai, kuma kafin mu kai gida sai da na ɗan haɗa da gudu.